Ni na kai wa Yayana maganin tsila

Assalamu alaikum Malam mai kula da wannan shafi, ya aiki, ya haƙuri da mu masu kawo ƙorafi? Ina gaida masu karatu manya da ƙanana. Don Allah a sakaya sunana, kuma duk sunan da na ambata a nan ba na ainihi ba ne. Roƙona ɗaya, kada kowa ya yanke mini hukunci sai ya kai ƙarshe. In ya kai ƙarshe kuwa, ya faɗi abin da ya ga dama, don babu zagin da za a yi mini wanda ban riga na yi wa kaina ba. Na gaji ne kawai. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ni mutumin wani ƙauye ne kusa da Dingaya a ƙasar Gwaram. Gidanmu gidan malamai ne tun kaka da kakanni, kuma ni kaɗai aka jefa wa boko, ba don ana ƙaunar bokon ba sai don dagaci ya matsa a ba da yaro ɗaya, aka duba aka ga ni ne mai ƙaramin kai a allo. Na yi makaranta a Birnin Kudu, daga nan Allah ya kai ni wata jami'a inda nake aiki a ɗakin gwaje-gwaje na sashen haɗa magunguna. Ni ba likita ba ne, mataimaki ne, mai awo da tacewa da wanke kwalabe. Amma je ka faɗa wa mutanen garinmu haka. Tun ranar da wani ya gan ni da farar riga a hoto na zama Likita, kuma gaskiya ban taɓa wahalar da kaina wajen gyara musu ba, don sunan yana yi mini daɗi.

Yayana, wanda muke kira Yaya Malam, shi ne ɗan farin Innarmu, shi ya gaji zauren Baba bayan rasuwarsa. Alaramma ne, yana rubuta Alƙur'ani da ka, kuma rubutun hannunsa har daga Gwaram da Birnin Kudu ake zuwa nema. Mutum ne mai barkwanci, ba irin malaman nan masu haɗe gira ba. Abin da ya dame shi shekara da shekaru shi ne tsila. Ka san malami da naman suna da na layya, ga shi kuma ba ya iya jira tsire ya gasu. Kullum yana ci kamar gara amma yana nan kamar sillen kara, in na zo gida ya ce, "Likita, ni da baƙuwata muna gaisuwa. Ni ke noma, ita ke ci."

To a wajen aikinmu akwai wani Dakta, baƙo ne daga ƙasar waje, wanda ya ɗauki binciken magungunan gargajiya. A cikinsu har da agugu. Wanda bai san shi ba, saiwar wani tsiro ce mai ganye kamar gashin tsuntsu, ba ya fure ba ya 'ya'ya, sai wasu ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa a bayan ganyen. Danginsa na fitowa da damina a tsagar duwatsun Birnin Kudu inda ke da laima, amma mai ƙarfin daga tsaunukan Adamawa fatake ke kawo shi busasshe, ana kasa shi a kasuwar Gwaram tare da su kimba da kanumfari, kowa kuma ya san maganin tsila ne. Abin da Dakta ke so shi ne a gano mene ne a cikin saiwar yake kashe tsilar, a ware shi daban, a san sunansa. Ni nake zuwa kasuwa in sayo, in daka, in jiƙa a wani ruwa mai tashi kamar fetur, irin wanda ake shaƙa wa mutum a ɗakin tiyata, in tace, in bar shi ya ƙafe, sai ya bar wani abu mai kauri baƙi-baƙi kore-kore kamar maɗi. Wannan shi muke zubawa a wani dogon bututun gilashi da aka cika da farin gari, ya riƙa sauka a hankali yana rabuwa kala-kala, kowace kala mu tare ta a kwalbarta. Daga nan sai gwaji. A haƙo tana daga lambu, a sa a ruwa, a ɗiga musu kowace kala a ga wadda ke kashe su. Wata kalar ka ɗiga, tana na ta iyonsu kamar ka ba su fura. Amma akwai wata mai ruwan ɗorawa, da ka ɗiga sai ka ga sun miƙe sun sandare.

Lokacin nan kuɗin man fetur ya fara shigowa ƙasa, kullum ana sauke mana akwatunan na'urori daga Turai, wasu har yau ba a buɗe ba don babu wanda ya iya haɗa su, wasu an haɗa babu wutar da za ta ɗauke su. Na'urar da za ta gaya mana sunan wannan abu mai ruwan ɗorawa tana cikin waɗanda ke kwance a akwati. Dakta ya aika da ɗan kaɗan ƙasar waje, ya ce mu jira. Na tambaye shi, tun da mun ga abin da yake yi wa tana, me zai hana a gwada wa mai tsila? Ya zaro ido ya ce kul, tana ba mutum ba ce, ba mu san sunansa ba, ba mu san awonsa ba, kuma littattafai sun nuna dangin wannan magani in ya ratsa hanji ya shiga jini yana taɓa jijiyar ido. Ya ce shi ya sa likitocin zamanin da suke hana a bi shi da man zurma, don mai ne ke narkar da shi ya buɗe masa hanya zuwa jini. Na ji wannan da kunnena, Malam. Ba zan ce ban ji ba.

Amma me ya kai ni? Tausayin Yaya ne ko neman suna? Na daɗe ina gaya wa kaina tausayi ne. Gaskiyar ita ce ina so ran nan ɗaya a gidanmu a ce bokon nan da aka jefa ni ya yi rana. Duk wanda ya shigo zaurenmu wajen Yaya yake zuwa, ni sai a ce, "A'a, Likita an zo hutu?" a wuce. Sai na ɗebi mai ruwan ɗorawar nan a 'yar kwalba ba da sanin Dakta ba, na zauna na ƙiyasta awo da ka, wai in tana kaza na buƙatar ɗigo kaza to mutum zai buƙaci kaza, na sa a aljihu na hau mota. Yanzu in na tuna wannan lissafi nawa sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da na isa na ce wa Yaya ya kwana da yunwa, da safe ya sha. Ya shanye ya yamutsa fuska ya ce, "Kai, wannan ko shaiɗan ya lasa sai ya tuba." Muka yi dariya. Na shiga cikin gida, sai na tarar da Inna a bakin murhu tana dama kunu, ta ɗebo man shanu cike da ludayi ta narka a ciki, ta ƙara wani. Ka san yadda uwa take da ɗan fari a wajenmu. Inna ba ta faɗin sunan Yaya, ba ta zama inda yake, ba ta taɓa tambayarsa ya jiki a gaban mutane ba. Duk ƙaunar da take masa a ƙwarya take fita. Ta miƙo mini ba tare da ta kalle ni ba ta ce, "Ungo, kai wa wancan. Magani mai ɗaci ba a barinsa a ciki shi kaɗai, yankan hanji yake. Mai ne ke sanyaya shi." Na tsaya riƙe da ƙwaryar. Maganar Dakta ta faɗo mini a rai tar. Sai na ce wa kaina ai man zurma ya ce, bai ce man shanu ba. Sai wata zuciyar ta ce mai ai mai ne. Sai na dubi Inna, tsohuwar da ta yi jinyar yara goma sha, na ce yanzu ni ɗan boko zan buɗe baki in ce mata ba ta iya jinya ba, in mayar mata da abu ɗaya da take iya yi wa ɗanta? Ina laifin in ce a bari sai yamma? Ina laifin in yi tuntuɓe da gangan in zubar? Duk waɗannan dabaru sai daga baya suka zo mini. A ranar dai da hannuna na kai masa, na tsaya a kansa har ya shanye ya suɗe ludayi.

Kafin azahar tsila ta fita gaba ɗaya, har da kan nata, abin da bai taɓa faruwa ba duk agugun da ya sha a baya. Yaya ya sa aka kira maƙwabta su gani. Ranar na ga girma, har tsofaffi suna miƙo mini hannu biyu. Da la'asar ya fara amai, ya ce kansa na juyawa, kunnensa na ƙara, ya ce, "Likita, me ya sa komai ya koma rawaya, har rigarka?" Na ce gajiya ce, zai wuce. Washegari na ce hutuna ya ƙare, na gudu. Kalmar ke nan, gudu na yi.

Ba a daɗe ba saƙo ya iske ni cewa Yaya ba ya gani sosai. Na dawo na kai shi asibiti a Birnin Kudu, suka tura mu wajen likitan ido a Kano. A nan ne na yi abin da ya fi na farko muni, don na farko zan iya cewa wauta ce da kunya, wannan kuwa da hankalina na yi. Likitan Bature ne, ba ya jin Hausa, ni ne tafinta. Ya haska idon, ya daɗe yana dubawa, ya ce idon kansa lafiya lau, jijiyar ce ta bushe. Ya ce in tambaye shi ko ya sha wani magani kwanan nan. Na tambaya. Yaya ya washe baki ya ce, "Gaya masa na sha maganin ƙanena, wanda ya raba ni da tsila. Gaya masa kai ma likita ne irinsa." Na juya na ce wa Bature wai bai sha komai ba sai rubutu. Bature ya dube ni, ya dubi Yaya da ke ta murmushi, ya ce jawabin ya fi haka tsawo. Na ce sauran godiya ce yake yi. Ban sani ba ko da na faɗi gaskiya akwai abin da za a iya yi a lokacin. Ban tambaya ba, kuma har yau ban sami ƙarfin zuciyar tambayar kowa ba.

Idon dama ya tafi gaba ɗaya. Na hagu yana bambance rana da inuwa, shi ke nan. Alƙur'anin da yake rubutawa ya tsaya a inda ya tsaya. Mutanen gari suka sama wa abin dalili da kansu, wasu suka ce rubutu a hasken aci-balbal ne ya cinye masa ido, wasu suka ce irin makantar bakin kogi ce, shi kuwa ya ce wanda ya ba shi aro ne ya karɓi abinsa, kuma alhamdu lillahi an bar masa karatun a ka. Bai taɓa haɗa makantarsa da kwalbata ba, ko sau ɗaya. Inna ta rame, ba ta yi kuka a gaban kowa ba, sai dai kullum ƙwaryar da ake kai wa zaure tana ƙara maiƙo. Ni kuwa na koma aiki na ci gaba da ɗiga wa tana magani. Daga baya sakamako ya zo daga ƙasar waje da sunan abin, wani dogon suna da ba ya faɗuwa, Dakta ya yi murna har ya saya mana lemo. Ni ma na karɓa na sha.

Shekaru sun tafi a haka, ina zuwa gida ina kai atamfa da sukari da shayi, ina zama kusa da shi yana tsokanata, ina dariya, in koma in kasa cin abinci. Da abin ya tsaya nan, wallahi da na tafi da shi kabari, in bar wa Allah. Amma bai tsaya ba. Ka san malamai da fa'ida. In malami ya jarraba abu ya ga amfaninsa, ba ya ɓoyewa, sadaka yake yi da shi. Yaya ya ɗauka sirrin warkewarsa shi ne agugu mai ƙarfi da man shanu, tun da ya sha agugu sau tari babu mai bai yi ba, ya sha da mai ya yi. Sai ya fara bayarwa. A gabana wani malami daga Surko ya zo gaisuwa ya yi kukan tsila, Yaya ya ce, "Ɗauki alƙalami. Agugu, a daka mai yawa, kada a yi masa rowa, a sha da sassafe, a bi shi da kunu mai man shanu. Mujarrabi ne, ga Likita nan shaida." Malamin ya juyo ya dube ni. Na ce, "To, man dai a rage, ko a bar shi." Yaya ya yi dariya ya ce, "Ka ji 'yan boko. Shi da ya kawo mini man da hannunsa!" Na raka malamin har bakin hanya ina roƙonsa ya bar man, ya ce to, to, irin to ɗin da ake yi wa yaro. Wa zai bar maganar alaramma ya ɗauki ta mai wando? Ban ji labarin wani abu ya same shi ba, kuma na san saiwar da aka daka ba ta kai ƙarfin abin da na tace ba. Amma ina mizanin? Nawa ne mai yawa? Ni da na yi shekaru a kan abin ban sani ba, balle mai turmi.

Na gwada kowace hanya in hana ba tare da na tona kaina ba. Na ce littafi ya hana, ya ce littafin bai taɓa tsila ba. Na ce Dakta ya hana, ya ce a gaida Dakta. Na kawo ƙwayar asibiti ta tsila, ya jujjuya ta a hannu ya ce wannan 'yar mitsitsiyar ko tsutsar goro ba za ta kashe ba. Ya sha roƙona in ƙaro masa irin kwalbar nan, ina cewa ta ƙare, an daina yi, an kulle ɗakin. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ni kuma na kai bango.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Matarsa, Gambo, ita ma tsilar ta kama ta. Gambo ita ce idon gidan nan. Ita ke kai shi, ita ke kawo shi, ita ke duba gona, ita ke riƙe da yara da Inna da ta tsufa. Tana goyo ne shi ya sa aka dakata, amma an sa yaye bayan an gama girbi, ga shi har an fara yankan dawa. Da na je makon jiya na ga ƙullin agugu a rataye a zaure, babba, an sayo daga Gwaram. Na ce, "Yaya, wannan duk na mene ne?" Ya ce, "Na Gambo ne. Tun da ka hana mu na kwalba, sai mu ninka na turmi ya kamo ƙarfinsa. Inna ma tana tara mata mai." Na ce, "Yaya, don Allah a bar man nan." Ya ce, "Kai dai ka faɗa mini dalili ɗaya. Ni na sha, me ya same ni?"

Malam, ya tambaye ni me ya same shi, fuskarsa tana kallon bango don bai san ta inda nake zaune ba. Na tashi na fita. Na samu Gambo a tsakar gida na ba ta ƙwayar asibiti na ce ta sha wannan a ɓoye, ta ce, "Haba Likita, in ɓoye wa Malam? Ai abin da ya ce shi za a yi. Kuma wa ya fi shi sanin ciwon?"

Dalili ɗaya ne zai karɓa, kuma shi ne wanda na yi shekaru ina haɗiyewa. In na faɗa, zai san ƙanensa ne ya ɗauko abin da ba a gama bincike ba ya gwada a kansa kamar tana, ya kuma yi ƙarya a gaban likita yana zaune yana yabonsa. Wataƙila ya yafe, halinsa ne, kuma ina jin yafewar ta fi tsinuwa tsorata ni. Aikina ma zai iya tafiya, wannan bai dame ni ba, na gaji da shi. Wadda nake ji ita ce Inna. Babu yadda za a faɗi maganar nan a cire man shanu daga ciki, kuma gidanmu magana ba ta kwana a zaure. Tsohuwar da ba ta taɓa iya kiran sunansa ba za ta ji cewa ludayinta ne. In ce mata laifina ne ba nata ba, za ta ji? Uwa tana jin irin wannan? In kuma na yi shiru, in zauna ina addu'a na turmi bai kai ƙarfin na kwalba ba, ashe na sake yin caca da idon mutum, ga gida mai makaho ɗaya ya koma mai biyu.

Da zan taho ya laluba ya kamo hannuna ya riƙe, ya ce, "In an yaye yaron zan aiko maka. Ka nemi hutu ka zo ka tsaya a kanta kamar yadda ka tsaya a kaina, hankalina zai fi kwanciya." Na ce to.

Jama'a, malamai da likitoci da iyaye mata da ke karanta wannan shafi, ku dubi Allah ku ba ni amsa kafin a gama sussuka. Na riga na ce masa to. Me zan yi?